Ƙusar Gyara Ta Kashe Baban Takwas

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da hannuwa da har yanzu ba su rabu da baƙin mai ba, iyalan Alhaji Mika'ilu Mai Tasa na International City suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Dubai da Sharja da na gida cewa injin motarsa, wanda aka fi sani da Baban Takwas, ya rasu. Ƙusa ce ta tsinke a cikinsa, sandar fistin ta fasa bangon inji ta fito waje. Ba sammu ba ne, ba baki ba ne, ba kuma zafin Dubai ba ne kamar yadda wasu ke yaɗawa a waya don su rufa wa mai gida asiri. Ƙusar banza aka ɗaura masa, ta yi aikin banza. Magana ke nan.

An haifi marigayi a Amurka a shekarar 1969, zamanin da ake zuba ƙarfe ba a jin ciwonsa. Fistin takwas gare shi, huɗu dama huɗu hagu, daga nan ya samo suna. Ya yi ƙuruciyarsa a can, wani Balarabe ya kawo shi nan ya more shi, da ya gaji ya yar. A 2016 Alhaji Mika'ilu ya shiga wurin 'yan gwangwan a Sharja neman madubin a-kori-kura, sai ya tarar da shi kwance cikin wata doguwar mota ja da rana ta cinye mata fenti, kyanwa ta haihu a ƙarƙashin bonet. Ya manta da madubi. A ranar aka jawo su gida, inji da mota, kyanwar ce kawai aka sallama.

Wanda bai san Alhaji Mika'ilu ba, ɗan Fagge ne, tukwane da kuloli da tasoshi yake turawa Kano a kwantena. Mutum ne mai zumunci, ba ya cin haƙƙin kowa. Cutarsa ɗaya ce: ba ya sayen abu ya tafi sai an yi masa gyara. In ya sayi dabino sai an ɗora masa biyu a kai. In ya je aski sai an haɗa masa da gashin hanci. An taɓa ganinsa a gidan mai, mita ta tsaya, yana roƙon mai zubawa ya ƙara ɗiso kaɗan saboda zumunci.

Wannan cutar ce ta ɓata shi da surukinsa. Shekarun baya, ranar da aka je Gombe yanka sadakin Hajiya Hadijatu, an gama magana lafiya, an shafa fatiha, sai ango, wanda ya kamata yana can nesa ya sunkuyar da kai, ya aiko a tambaya: tunda gidan na shanu ne, ko za a haɗa masa da ɗan maraƙi? Daga baya ya ce wasa yake. Baffa Gidaɗo, mahaifin amarya, Bafulatani ne, bai ga abin dariya ba. An ba da 'yar, ba a ba da maraƙin ba, kuma tun ranar tsohon bai sake kama sunan Mika'ilu ba. In ya bugo waya sai ya ce wa 'yarsa, “Ina ɗan kasuwar nan?” Abin yana sukar Mika'ilu kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ya aika shadda, ya aika agogo, ya biya masa Umra, duk ɗan kasuwar nan ne.

To Hajiya Hadijatu ta taɓa ba shi wani labari. Baffa a samartakarsa ya yi aiki a gidan wani Bature a Jos, mai irin wannan motar. Shi ke wanke ta, shi ke goge ta, shi ke tura ta in ta ƙi tashi, amma bai taɓa zama a cikinta tana tafiya ba. Har yau in ya ji inji mai nauyi ya wuce sai ya ɗaga kai. Shi ya sa da Mika'ilu ya ga marigayi a Sharja bai ga tsatsa ba, sunansa ya gani a bakin Baffa. Ya kira Gombe, ya tsuguna da waya a kunne kamar tsohon yana ganinsa.

“Baffa, na samo irin ta Baturen nan. In Allah Ya kawo ka Dubai, a cikinta zan ɗauko ka, daga filin jirgi har ƙofar gida.”

Can tsohon ya ce, “To. Allah Ya kai mu.” Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma shi ne zance mafi tsawo da ya taɓa shiga tsakaninsu.

Aka kai marigayi garejin Issoufou, bakanike ɗan Maraɗi, can Al Warsan a bayan sito-sito. Ba za a yi wa Alhaji ƙarya ba ko da yana cikin makoki: bai yi rowa ba. Fistin daga Amurka aka kawo su, kowane a naɗe da takarda kamar ƙwai. Kuranshaf sabo, kafireta sabuwa mai baki huɗu, lagireto na alminiyon da za ka iya duba fuskarka a jiki. Duk abin da Issoufou ya ce na asali, na asali aka saya. Kafiretar ta yi watanni tana kwana a teburin cin abinci don gudun ƙura. Robar wanke-wanken Hajiya ta koma wurin jiƙa ƙarafa da fetur, har wata rana ta ce masa, “Alhaji, ko dai ni in koma gareji shi ya dawo ɗaki? Ka faɗa mini in haɗa kayana.” Ya ce ta yi haƙuri, don Baffa ake yi. Ta yi haƙurin.

Ajali ya shigo ne wata rana da ya je Sharja sayen ƙananan kaya, gasket da tiyo da bel. Ba za a ambaci sunan mai shagon ba, don shi ma zaluntarsa aka yi. Alhaji ya biya, ya karɓi kaya, ya tsaya.

Mai shago ya ce, “Khalas, habibi?” Wato shi ke nan, an gama?

Ya ce, “Khalas ina? Gyara fa?”

Bawan Allah bai san gyara ba, a ƙasarsu ba a yi. Alhaji ya jawo kujera ya zauna ya shiga koya masa, da Larabcin kasuwa da Turancin kwantena da hannuwa biyu. Ya kawo misalin mai ƙosai, ya kawo misalin mai goro. Masu saye suka yi layi a bayansa, wasu suka gaji suka tafi. Da mutumin ya ga kasuwarsa za ta watse, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wata leda, ba kwali, ba suna, ba ko rubutun Sinanci, ya dangwara masa. “Yalla, hadiyya! Yalla, yalla!” Alhaji ya fito yana murmushi kamar wanda ya musuluntar da gari guda.

A cikin ledar ƙusoshin kwanrod ne guda goma sha shida. Ga wanda bai san mota ba: kowane fistin yana da sanda da ke haɗa shi da kuranshaf, ita ce kwanrod, ƙusa biyu ke riƙe kowace sanda. Duk ƙarfin inji, duk rurin nan da ake ji, a wuyan waɗannan 'yan ƙananan yake rataye. Kuma na asali suna nan, an riga an kawo su daga Amurka cikin ɗan akwati mai kyau, suna jiran ranar ɗauri.

Issoufou ya juya ta leda a hannunsa ya ce, “Alhaji, wannan boulon ɗin ban san ubansa ba. Mu sa na cikin akwati.”

“Issoufou, kai ɗan Maraɗi ne ko ɗan Faransa? In ka sayi ƙosai aka ɗora maka gyara, wanne kake fara ci?”

“Gyaran.”

“To! Albarkar ciniki a cikinsa take.”

“Mais Alhaji, ƙosai ba ya juyawa a cikin moteur.”

Alhaji ya karɓi ƙusar, ya ɗaga ta, ya sake ta a kan siminti kamar yadda yake gwada murfin tukunya. Ta ce tsililin! Ya ɗaga yatsa. “Ka ji? Da kunnen nan nake ciyar da iyalina. Ƙarfen da ya yi wannan kukan ba ya ƙarya.”

Issoufou ya buɗe baki zai ƙara magana, sai ga mandi, dafa-dukan Larabawa mai naman rago, da Alhaji ya aika a sayo ya iso yana turiri. Shinkafa ta toshe hanyar da gaskiya za ta fito. Aka ci, aka wanke hannu, aka ɗaura na leda. Don haka shi ma Issoufou yana da kasonsa a wannan gawa, kada ya zo wurin zaman makoki yana cewa ai ya faɗa. Ya faɗa sau ɗaya da rabi, sannan ya ci cinya. Ƙusoshin asali kuwa Alhaji ya kai su gida ya ajiye a shokes ɗin Hajiya, tsakanin kofunan shayi, wai don ranar buƙata.

Iyali suna shaida cewa marigayi mutumin kirki ne. Murya gare shi wadda ba a sake yin irinta. Da safe in aka murza makulli sai ya ce gur-gur-gur, kamar dattijo yana neman takalminsa, sannan ya ce gurrrum! Sai duk ƙananan motocin unguwa su fashe da kuka, masu su su leƙo ta taga suna danna makulli. In ya huce sai ya zauna yana bub-bub, bub-bub-bub, ba sauri, kamar attajiri yana sauraron mai neman taimako. Bai taɓa neman a kai shi wurin kwamfuta ba, ciwonsa duk da sufana da guduma ake warkar da shi. Ba shi da na'urar sanyi, kuma bai taɓa yi wa kowa ƙaryar yana da ita ba. Larabawa masu motocin miliyoyi suna sauke gilashi a danja su ɗaga masa babban yatsa. 'Yan Sin na benen su Alhaji sun yi hoto da shi har sun gaji. Aibinsa ɗaya, ba a ɓoyewa: ci. Ba ya wuce gidan mai bai tsaya sun gaisa ba.

Rashin lafiyar ta fara a hankali. Da yake Alhaji lallaɓa shi yake yi kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, ba ya taka shi, yana adana ƙarfin don ranar Baffa, ciwon bai fito fili ba. Wani lokaci dai da sanyin safiya a kan ji ƙas-ƙas daga can ƙasa. Alhaji ya ce tarin tsufa ne, wa ya kai hamsin bai yi tari ba? Ya ƙara masa baƙin mai mai kauri, ya rataya carbi a madubi, ya ƙara ƙarar rediyo.

A watan Agusta na wannan shekara ta 2019 Allah Ya kawo Baffa Gidaɗo Dubai ganin likitan ido. Da rana tsaka jirgi ya sauka, irin ranar da kwalta ke kama takalmi. Alhaji ya je da farar shadda mai sitati, mota ta sha fenti tana ɗaukar ido. Tsohon ya fito da jakarsa da galan ɗin man shanu na tsarabar 'yarsa. Da ya ga motar ya tsaya cak. Ya zagaya ta a hankali. Ya ga wani ɗan ɗigo a gefen ƙofa, bai san sanda ya kama bakin rigarsa ya goge ba.

Alhaji ya buɗe ƙofar gaba, ya rusuna. “Baffa, a nan za ka zauna.”

Ya shiga ya zauna a ɗarare, kamar mai jiran a ce masa ya fito. Marigayi ya ce gurrrum! Tsohon ya dafa gaban motar, ya ji rawar ƙarfe a tafinsa, ya yi dariya har ana ganin giɓi. Hajiya ta ce ita kanta ba ta taɓa ganin giɓin nan ba.

Suka hau hanyar Ras Al Khor, Alhaji yana tafiyarsa ta mai ƙwai, motocin haya suna wuce su. Baffa ya fasa goro, ya jefa ɓari a baki, ya gyara zama, sai ya ce:

“Mika'ilu.”

Saura kaɗan sitiyari ya kuɓuce. “Na'am, Baffa! Na'am!”

“Ɗan taka ta mu ji. Baturen nan ba haka yake tafiya ba.”

Jama'a, ku yi masa adalci a nan. Mutumin da surukinsa ya kira sunansa bayan shekara da shekaru, in an ce ya taka, ai ba zai taka da rabin ƙafa ba. Ya danna totur har ƙasa. Marigayi ya ɗaga hanci, ya yi wani ruri da bai taɓa yi ba tun yana Amurka: waaaaam! Hular Baffa ta koma kujerar baya. Tsohon yana dukan cinyarsa yana cewa, “Haka! Haka!” Kyamarar hanya ta haska su, wanda shi ne hoton ƙarshe na marigayi, kuma an riga an aiko wa Alhaji da saƙon cewa hoton ba kyauta ba ne.

Daga nan sai kalaman ƙarshe, kamar yadda shaidu biyu suka ji: ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, ƙwaram! Sannan can a hankali, tsssss.

Suka gangara gefen hanya cikin hayaƙi. Alhaji ya fita ya ɗaga bonet, abin da ya rage na baƙin mai ya yi masa feshi daga hula har takalmi. A jikin inji ga rami, ɗan akuya zai iya leƙawa, sandar fistin ta leƙo a karkace tana kallon sama. Marigayi bai sha wahala ba. Alhaji ne ya sha.

Baffa ya fito, ya leƙa ramin da idonsa mai lafiya, ya gama tauna goronsa, ya tofar. Ya ce, “Ɗan kasuwa, me ka sa mata?”

Sunan Mika'ilu ko tsawon taunar goro ɗaya bai kai ba.

Aka kira janwe, motar ɗaukar matattun motoci. Direban ya ce doka ba ta yarda kowa ya zauna a cikin gawa ba, sai dai a gaba kusa da shi, gaban kuwa kujera ce ta mutum ɗaya da rabi. Mu da a garinmu mutum ko inuwa ɗaya ba ya haɗawa da surukinsa, sai ga Alhaji Mika'ilu a matse da Baffa Gidaɗo, kafaɗa da kafaɗa, gwiwa da gwiwa, galan ɗin man shanu ya narke yana yoyo a cinyarsa. In direba ya sha kwana sai ya faɗa jikin tsohon ya ce, “Afuwan, Baffa.” In ya sha ta ɗaya gefen, tsohon ya faɗo jikinsa, shi dai zai sake cewa, “Afuwan, Baffa.” Haka suka shiga International City, maƙwabta na tsaye a baranda suna ɗauka a waya.

A falo idon Baffa ya sauka kan ɗan akwati a cikin shokes. Ya tambayi 'yarsa menene wannan a cikin kofuna. Hajiya Hadijatu ba ta yi wa mahaifinta ƙarya, ta faɗa masa tun daga leda har mandi. Ya buɗe akwatin, ya dubi ƙusoshi goma sha shida suna ƙyalli a jere, ko yatsa bai taɓa su ba. Ya rufe. Alhaji yana tsugune a bakin ƙofa, yana jiran faɗa. Da faɗan aka yi da ya fi sauƙi.

Tsohon ya ce, “Ka ce a cikinta, har ƙofar gida. Ni kuwa a janwe na iso. Alkawari kaya ne. Ka haɗa wani, ina nan, ba sauri nake ba.”

Ba wasa yake ba, Baffa bai iya wasa ba. An gama aikin ido, yana gani tangaran, an kuma riga an sabunta masa biza. Sabon bangon inji sai an nemo a Amurka an ɗoro a jirgin ruwa, Issoufou ya ce in an yi sa'a ƙila kafin babbar salla mai zuwa, inshallah, kuma ya faɗi inshallah ɗin da irin muryar da kowa ya sani.

Marigayi ya rasu ya bar mata ɗaya, wato jar bodi, tana takaba a ƙarƙashin tamfol a wurin ajiye motoci, a daina ɗaga mata mayafi ana leƙe. Ya bar fistin bakwai, biyu a cikinsu ba su san inda kansu yake ba. Na takwas an samu rabinsa, wanda ya tsinci sauran a hanyar Ras Al Khor ya taimaka ya kawo. Ya bar ƙanensa giyabos, da kafireta wadda ta koma teburin cin abinci, da batir da har yanzu ba a gaya masa ba. Ya bar marayu goma sha shida a akwati waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Akwai kuma ƙusoshin leda goma sha biyar da suka tsira, iyali ba su yarda 'ya'yansa ba ne, ba su da gado.

Za a yi masa wanka da fetur a garejin Issoufou ranar Juma'a da safe, a naɗe shi a buhun kago, a ɗora a a-kori-kurar maƙwabci Zailani a mayar da shi Sharja wurin 'yan gwangwan inda aka samo shi. Ba a yi wa ƙarfe salla, kada wani ya zo yana tambayar liman. Mai zuwa ya zo da ƙarfinsa, marigayi yana da nauyi, kuma Alhaji bayansa ya riƙe. Kada a zo da shawara, an samu ta isa. Wanda yake da ɗan uwa mai sayar da kayan mota fas kwafi, wai ba a bambanta su da na asali, ya zauna a gida shi da ɗan uwan nasa. Masu tura hoton janwe a guruf-guruf da waƙa a kai, an san ku, Allah Ya isa.

Mata za su yi wa Hajiya Hadijatu gaisuwa a gida, ko da yake ana ganin ta ɗauki ƙaddarar da ƙarfin hali ƙwarai, har an ji tana 'yar waƙa a kicin tana dama wa mahaifinta fura.

Maza kuwa kada su nemi Alhaji a ciki. Gidan ɗaki ɗaya ne da falo. Baffa yana ɗaki, Hajiya da yara suna falo, mai gida yana kwana a sito a kan kwalayen kuloli. Kuma kowa ya sani mutum ba ya buɗe baki ya sa loma a inda surukinsa yake, balle surukin da idonsa ya warke. Saboda haka ta ƙofa ake miƙo masa kwano. Mai son yi masa ta'aziyya ya same shi a matakalar bene, tsakanin hawa na biyu da na uku, bayan azahar ko bayan magariba. A nan yake cin abinci tun ranar da abin ya faru, a tsugune, kwano a gwiwa, yana matsawa in 'yan Sin za su wuce, kuma a nan zai ci gaba da ci har jirgin ruwa ya iso.